Tambaya da Amsa: Kwamfutata Mai Linux Ta Yi Gum

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Wata biyu da suka wuce na ɗora Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, a kwamfutata ta tafi-da-gidanka, na bar Windows ɗin da ta zo da shi, in na kunna sai in zaɓi wanda zan shiga. Da farko komai lafiya lau, da ita nake sauraron laccocin da nake naɗa. Ranar da na sabunta manhajar na sake kunnawa, sai sauti ya ɗauke ɗif, ba ta lasifika ba ta iyafis. A wajen saitin sauti abu ɗaya ne a rubuce, "Dummy Output". Amma in na shiga Windows ras take magana. Na kwafo wasu umarni da na gani, aka ce in cire wani abu in sa PulseAudio, na yi, ba ta canza zani ba. Yanzu wani abokin karatuna ya ce in yi mata fomatin kawai in huta. Malam, aikin kammala karatuna duk yana ciki. Yaya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki yi fomatin. Na sa wannan a gaba ne don kar garin neman gira a rasa ido. Kafin ma ki taɓa komai, ki kwafe aikin karatunki a filas ko wani wuri daban, yau ɗin nan, ko da sautin ya dawo da kansa.

Wasiƙarki ta riga ta amsa rabin tambayar. Tunda kwamfutar na magana a Windows, lasifikarki lafiya take, guntun na'urar da ke sarrafa sauti ma bai ƙone ba. Tunda kuma ta taɓa yin sauti a Ubuntu, to Linux ya san na'urar taki, ba baƙuwarsa ba ce. Wani abu ne ya canza a ranar da kika yi sabuntawa, shi za mu nemo.

Sauti a Linux hannu-hannu yake bi kafin ya iso kunne. Manhajar da kike sauraron lacca da ita ba ta magana da lasifika kai tsaye. Tana miƙa sautin ga mai rabawa, wanda aikinsa shi ne haɗa muryoyin manhajoji daban-daban ya zaɓar musu mafita. Shekaru da dama PulseAudio ne ke wannan aiki, amma yanzu PipeWire ya karɓe shi, tare da mataimakinsa WirePlumber. Fedora, wani nau'in Linux ɗin, ta koma kansa a 2021, Ubuntu ta bi sahu daga fitowar 22.10, don haka 24.04 ɗin da ke hannunki PipeWire ne a ciki. Mai rabawan shi kuma ya miƙa ga ALSA, sashen sauti da ke cikin kanel, wato zuciyar Linux ɗin kanta, inda direbobi, ƙananan manhajojin da ke sa na'urori aiki, suke. Daga nan sai guntun sauti, wanda a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ƙirar Realtek ne, sannan lasifika. "Dummy Output" da kika gani mafita ce ta jeka-na-yi-ka. Mai rabawa ne ya duba bai ga na'urar sauti ko ɗaya ba, sai ya ƙirƙiri ta bogi don manhajoji su sami inda za su zuba sautinsu kar su tsaya. Ko dai kanel ɗin ne bai ga na'urar ba, ko ya gani amma mai rabawa ya kasa kama ta. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma umarni ɗaya tak zai raba mana gardama.

Ki danna Ctrl da Alt da T a tare, Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, zai buɗe. Ki rubuta:

aplay -l

Harafin ƙarshen ƙaramin L ne, ba lamba ɗaya ba. Idan ya jero layuka masu farawa da "card 0", kika ga wani abu kamar "HDA Intel PCH" ko "sof-hda-dsp", kanel ya ga na'urarki. Idan kuwa ya ce "no soundcards found", matsalar tana can ƙasa. A yadda kika ba da labari, na fi kyautata zaton wannan na biyun za ki gani, don haka da shi zan fara.

Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar rubuta komai. Duk lokacin da Ubuntu ta kawo sabon kanel, tana barin tsohon a ajiye. Ki sake kunna kwamfutar, a allon nan da kike zaɓar Windows ko Ubuntu ki shiga "Advanced options for Ubuntu". Za ki ga kanel fiye da ɗaya, kowanne da lambarsa. Ki zaɓi mai ƙaramar lamba, wanda babu "recovery mode" a jikinsa. Idan sauti ya dawo, kin kama ɓarawon, kuma kina da kwamfutar da za ki ci gaba da karatu da ita kafin a gama gyara.

Abin da ya fi faruwa a irin wannan hali shi ne sabon kanel ya sauka bai cika ba. Ubuntu 24.04 tana raba direbobinta ƙunshi biyu, na sauti kuma suna cikin na biyun, mai suna linux-modules-extra. Idan intanet ya yanke ana tsakiyar sabuntawa, ko caji ya ƙare, ko wurin ajiya ya cika, kanel na iya tashi ba tare da wannan ƙunshin ba. Alamarsa ita ce sau da yawa Wi-Fi da Bluetooth ma sukan ɓace tare da sautin, saboda yawancin direbobinsu a ƙunshi ɗaya suke. Ki rubuta uname -r don ganin lambar kanel ɗin da kike kai. A ce ya nuna 6.8.0-45-generic, sai ki rubuta:

sudo apt install linux-modules-extra-6.8.0-45-generic

Ki sa lambar da taki ta nuna, ba tawa ba. Zai nemi kalmar sirrinki, kuma ba za ki ga komai a allo ba yayin da kike rubuta ta, haka aka yi shi. Idan Wi-Fi ɗin ya ɓace a sabon kanel, ki shiga ta tsohon ki yi wannan aikin, amma da lambar sabon. In ya gama ki sake kunnawa.

Idan ya ce ƙunshin yana nan daram, to sai mu tambayi kanel ɗin da bakinsa. Duk abin da ya faru lokacin tashi yana rubuta shi, mutane ne ba sa karantawa:

sudo dmesg | grep -i -e snd -e sof -e hda

Ki bi layukan a hankali, kina neman kalmar "failed" ko "error". Akwai saƙo ɗaya da nake yawan cin karo da shi a kwamfutocin Intel na 'yan shekarun nan: "Direct firmware load for intel/sof" sannan sunan wani fayil, sannan "failed with error -2". Wannan -2 ɗin a Linux ma'anarsa ba a sami fayil ɗin ba. Dalili kuwa, sababbin kwamfutoci suna da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta musamman mai sarrafa sauti, kuma ba ta aiki sai an loda mata tata 'yar manhajar duk lokacin da aka kunna. Sunan wannan manhaja Sound Open Firmware, a taƙaice SOF. A Ubuntu da Debian ƙunshinta firmware-sof-signed ne, a Fedora alsa-sof-firmware, a Arch kuma sof-firmware. Naki:

sudo apt install --reinstall firmware-sof-signed alsa-ucm-conf linux-firmware

Na haɗa da alsa-ucm-conf ne saboda shi ke ɗauke da bayanin yadda aka jona lasifika da makirfo a kowane irin ƙira. Ba tare da shi ba, kanel zai iya ganin na'urar amma PipeWire ya rasa ta inda zai kama ta.

A nan zan ja hankalinki kan wata shawara da za ki gani ko'ina in kika nemi "Dummy Output". Za a ce ki buɗe fayil a cikin /etc/modprobe.d ki rubuta options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1 a ciki. Tana aiki a kwamfutoci da yawa, shi ya sa ta yaɗu. Abin da ba a faɗa shi ne, layin nan yana umartar kanel ya ajiye SOF ya koma tsohon direba, kuma tsohon direban bai iya magana da makirfo ɗin dijital da ke jikin sababbin kwamfutoci ba. Lasifika za ta dawo, makirfo ya mutu. Ke da kike naɗar lacca, kina kuma iya buƙatar kiran bidiyo da malamin da ke duba aikinki, wannan ciniki ne na asara. Ki bar shi ya zama na ƙarshe, in kin yi kuma ki rubuta sunan fayil ɗin a takarda don ki iya goge shi daga baya.

Yanzu ga maganar umarnin da kika kwafo. Ba zan ga laifinki ba, wanda abu ya dama duk igiyar da aka miƙo masa kamawa yake. Amma waɗannan umarnin an rubuta su ne a zamanin da PulseAudio ke riƙe da sauti a Ubuntu, wato 22.04 zuwa baya. A 24.04, sa PulseAudio na iya ture wasu sassan PipeWire, ko a bar biyun suna jayayya a kan na'ura ɗaya. Ke nan ko kin gyara matsalar farko, ta biyun da aka ƙara za ta iya hana ki jin komai, ki ɗauka gyaran bai yi ba. Abin farin ciki, kwamfutar ba ta mantuwa. Ki rubuta history, za ki ga duk abin da kika shigar a Terminal a jere. Ki kuma buɗe fayil ɗin /var/log/apt/history.log, a ciki akwai ranar da aka sa ko aka cire kowane ƙunshi. Ki duba layukan "Remove" da "Purge". Sannan:

sudo apt install pipewire-audio ubuntu-desktop

Idan ya nemi izinin cire pulseaudio, ki amince. Na sa ubuntu-desktop ne don ya dawo da duk abin da cirewar ta ja ta tafi da shi. Amma ki karanta jerin abin da ya ce zai cire kafin ki danna Y. Wannan ɗabi'a ce da nake so ki riƙe: apt, mai sawa da cire ƙunshi, ba ya cire komai a ɓoye, sai ya nuna ya tambaya.

Bayan kin sake kunnawa, ki rubuta wpctl status. Ƙarƙashin "Sinks" ake jera mafitun sauti, mai alamar tauraro shi ne wanda ake amfani da shi. Idan sunan na'urarki ya maye gurbin "Dummy Output", an ci rabin yaƙi. Idan aplay yana ganin na'urar amma nan ba ta fito ba, ki tashi mai rabawan daga barci:

systemctl --user restart wireplumber pipewire pipewire-pulse

Ba a sa sudo, kalmar da ke ba umarni ikon taɓa tsarin kwamfutar gaba ɗaya, a wannan, domin PipeWire a ƙarƙashin sunanki yake gudana. In bai ji ba, WirePlumber yana ajiye zaɓuɓɓukan da aka taɓa yi a foldar .local/state/wireplumber da ke cikin babbar foldarki. Ki canza wa foldar suna, kar ki goge, ki sake kunnawa, zai ƙirƙiri sabuwa tsaf.

To a ce na'urar ta bayyana, alamar ƙara tana motsi, amma har yanzu shiru. Shekarun baya an kawo mini wata kwamfuta a wannan hali, mai ita ya riga ya sake ɗora Linux sau biyu, ya yi asarar hotunan da bai kwafe ba. Da na buɗe alsamixer, manhajar saita ma'aunan sauti na ALSA, haruffa biyu ne suka jawo duk wannan: MM. Har yau ina jin zafin hotunan nan, shi ya sa ba na gajiya da maimaita wannan matakin. Ki rubuta alsamixer, ki danna F6 ki zaɓi na'urarki ta ainihi, domin allon farko ba ya nuna komai sai ma'auni ɗaya. Za ki ga ginshiƙai masu suna Master, Speaker, Headphone da sauransu. Duk wanda ke da MM a ƙasansa an toshe masa baki. Ki je kansa da maɓallin kibiya, ki danna M ya koma OO, ki ɗaga shi da kibiyar sama. Ki fita da Esc, ki adana da sudo alsactl store. Gwaji kuma:

speaker-test -c 2 -t wav

Za ki ji murya tana cewa "Front Left", "Front Right" bi da bi. Ctrl da C ke tsayar da ita.

Saura Windows, tunda kina shiga biyun. Tun daga Windows 8 a 2012 akwai tsarin da ake kira Fast Startup, wanda in kin ce ta mutu ba ta mutuwa gaba ɗaya, rabin barci take yi don ta tashi da wuri. Haka kuma in kika yi "Restart" daga Windows kika faɗa Ubuntu, wuta ba ta yanke wa guntun sauti ba, sai Linux ya same shi a yanayin da direban Windows ya bar shi. A wasu kwamfutocin wannan kaɗai ya isa ya hana sauti. Ki shiga Windows, ki riƙe Shift yayin da kike danna "Shut down", ki jira ta mutu murus, sannan ki kunna ki shiga Ubuntu kai tsaye. Idan hakan ya yi magani, ki kashe tsarin ɗungurungum: Control Panel, Power Options, "Choose what the power buttons do", ki cire alamar da ke kan "Turn on fast startup". Ko ba don sauti ba ina ba duk mai manhaja biyu shawarar kashe shi, domin yana iya hana Linux rubutu a ɓangaren ajiyar Windows. Allah Ya ba da sa'ar kammalawa. Idan tsugune ba ta ƙare ba, ki aiko mini da abin da aplay da dmesg suka nuna, harafi da harafi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Tawa sabuwa ce fil, na ɗora mata Linux Mint. In na sa iyafis ina jin komai, in na cire shiru. Na duba alsamixer babu MM ko ɗaya. Ko lasifikar ce ta zo a lalace?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Da wuya a ce lalacewa ce. Fara da mai sauƙi: cire iyafis ɗin ka duba saitin sauti. Idan har yanzu yana nuna "Headphones", ramin ne ke zaton akwai abu a cikinsa, ko saboda ƙura ko ɗan makunnin ciki ya maƙale. A alsamixer ka nemi "Auto-Mute Mode" ka mayar da shi "Disabled" ka ji ko lasifika za ta yi magana.

Amma tunda ka ce sabuwa ce, zuciyata ta fi karkata ga wani abu daban. Kwamfutocin yanzu sirara ne, lasifikarsu ƙanana, don haka masu ƙira suna sa musu amfilifaya ta musamman mai lura da zafi da ƙarfin wuta don a sami ƙara ba tare da lasifikar ta fashe ba. Fitattu su ne CS35L41 da CS35L56 na Cirrus Logic, da TAS2781 na Texas Instruments. Iyafis ba ya bi ta cikinsu, daga guntun sauti yake sha kai tsaye, shi ya sa kake jin sa. Lasifika kuwa sai amfilifayar ta tashi, ita kuma tana buƙatar direbanta, da 'yar manhajarta, da kuma kanel ya san ainihin ƙirar kwamfutarka. Akwai dogon jeri a cikin kanel inda ake ƙara lambar kowace ƙira ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar da ta fito bayan kanel ɗin da kake kai ba za ta kasance a jerin ba. Ka rubuta sudo dmesg | grep -i -e cs35 -e tas27 ka gani ko ɗayansu zai fito.

Maganin shi ne sabon kanel da sabon linux-firmware. Kafin ka canza komai, ka sa Fedora ta baya-bayan nan a filas, ka tashi kwamfutar daga filas ɗin ba tare da ka ɗora ba. Fedora kusan duk wata shida take fitowa, kanel ɗinta kan fi na Mint sabunta. Idan lasifika ta yi magana a can, ka koma Mint ka buɗe Update Manager, a ƙarƙashin View akwai "Linux Kernels", ka ɗauki mafi sabo da aka ba ka. Ka kuma duba ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya fitar da sabon BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara tashin kwamfuta kafin Linux, domin wani lokaci bayanin amfilifayar ne bai cika ba a can.

Abu ɗaya nake roƙonka. Za ka ga ana yawo da umarnin da ke rubuta lambobi kai tsaye cikin amfilifaya, irin su i2cset, an ce sun yi wa wani aiki. Lambobin nan na lasifikar wata ƙira ce daban. Kariyar da ke hana lasifika ƙonewa ita ake tsallakewa, kuma lasifikar da ta ƙone babu kanel ɗin da zai tashe ta. Idan ko a Fedora shiru ne, ka gudanar da alsa-info, zai tattara bayanan na'urarka a fayil ɗaya, ka kai rahoto wurin masu kula da Linux ɗin da kake amfani da shi. Ta irin wannan rahoton ake ƙara sababbin ƙira a jerin. Kafin nan, iyafis ko lasifikar Bluetooth za su riƙe ka.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce. Na jona kwamfutata da majigi ta wayar HDMI na nuna wa ɗalibai darasi, tun daga ranar ba ta ƙara yin sauti ba.

AMSA: Malama, taki ba ta da wuya in sha Allah. Wayar HDMI hoto da sauti take ɗauka tare, sai kwamfutar ta karkatar da sautin can, ta kuma riƙe zaɓin bayan an cire wayar. Ki sa ƙaramar manhajar nan da sudo apt install pavucontrol, ki buɗe ta, ki je shafin "Configuration". Idan an zaɓi wani abu mai HDMI a sunansa, ko "Off", ki mayar da shi "Analog Stereo Duplex". A sababbin kwamfutoci sunan na iya zama "Play HiFi quality Music". Daga nan ki leƙa "Output Devices" ki danna alamar da ke mayar da lasifika ta zama zaɓin farko. Ki bar bidiyo yana tafiya ki duba shafin "Playback" ma, domin kowace manhaja tana da nata ma'aunin da tata mafitar, kuma mai yiwuwa wadda kika nuna darasin da ita ce kaɗai ke ci gaba da aika sautinta wurin majigin.